Wa ya kalli Wakanda Forever a nan Damagaram, kuma yaya abin ya zo mishi?

Ɗan Birni:
Assalamu alaikum jama'a. So nake mu ɗan tattara labari, duk wanda ya kalli Black Panther na biyu ya faɗo inda ya kalla da yadda ya ji, tunda yawancinmu ba a sinima muka gan shi ba, wani a waya, wani a kwamfuta, wani a telen fada. Wanda bai kalla ba ya yi haƙuri ya wuce don za a fasa ƙwai sosai.

Ni dai mutumin BD ne, wato littattafan labari na zane-zane, tun ina koleji, a laburaren CCFN, cibiyar al'adun Faransa da Nijar, na fara da na Faransa da Beljik kafin in faɗa na Marvel, kuma gaskiya da tsoro na zauna ma fim ɗin nan. Chadwick Boseman, wanda ya fito a matsayin sarki T'Challa wato Black Panther, ya rasu a watan Agusta 2020 yana da shekara 43, kansar hanji, Marvel suka ce ba za su ɗora wani a matsayin T'Challa ba, to fim ɗin jarumi babu jarumin ina za shi? Wanda ya karanta BD ya san Shuri ƙanwar T'Challa ta taɓa sa rigar Black Panther a 2009 lokacin da Doctor Doom ya kwantar da yayanta, saboda haka ban yi mamakin wadda ta gada ba, abin da nake jira shi ne ta wace hanya. Sai darakta Ryan Coogler ya bi da mu ta hanyar da babu a littafi, yarinya mai ilimin kimiyya wadda ta kasa ceton ɗan uwanta, ta daina yarda da maganar kakanni gaba ɗaya, da ta sha ganyen nan mai ba da ƙarfin Black Panther kuma maimakon ta ga uwarta ko yayanta sai ga Killmonger, mugun fim na farko, zaune a kujerar sarauta. Wallahi a wurin nan tsayar da fim ɗin na yi na fita tsakar gida na sha iska tukuna.

'Yar Zango:
Wa alaikumus salam yaya. Mu a ɗaki muka kalla ni da ƙannena a kwamfutar da nake zuwa jami'a da ita, mun bari sai bayan isha'i, can sai ga inna ta shigo wai ta zo ɗaukar tabarma. Daidai lokacin jana'izar sarkin ne, kowa da fararen kaya ana kiɗa ana rawa an ɗauko akwati, ta tsaya ta ce wannan wace irin jana'iza ce da ganga, Allah ya kyauta. Amma ba ta fita ba, ta zauna bakin gado ina fassara mata sama-sama. Da aka zo inda sarauniya Ramonda ta tsige Okoye, shugabar dakarun mata, daga muƙaminta, tana faɗa jikinta na rawa tana lissafa mijinta da ɗanta da 'yarta da aka sace, inna ta ɗaga mini hannu wai in yi shiru ba sai na fassara ba. Mu ma mun yi rashin babban yayanmu shekarun baya, to kun gane. Har yau in ta ga ina kallon wani abu sai ta ce ina matar nan mai farin gashi, ni kuma na kasa gaya mata ruwa ya cinye ta, don kafin a kai wurin ta tafi ta kwanta.

Mai Shayin Sabon Gari:
Hhhh mu namu kallon ba na kuka ba ne. A fada muka yi shi, wani yaro ya aro furojekta wurin kawunsa mai ɗaukar bidiyon biki, muka kafa farin zanen gado da ƙusa a bangon garejin maƙwabci, kowa ya kawo dala ashirin na man gurup saboda mun san halin wuta lokacin zafi. Na Faransanci muka samu. To fa da aka nuna sojojin haya masu jin Faransanci sun faɗa ma cibiyar Wakanda a Ansongo ta Mali za su saci ma'adinin vibranium, ƙofa ta buɗe sai ga matan nan masu ƙwalkwal riƙe da masu, wurin ya kaure da ihu, har wani ya yi fatali da butar shayina ta biyu ba a ko zuba ba. Sannan aka tiso ƙeyarsu har zauren Majalisar Ɗinkin Duniya a Janeba aka gurfanar da su gaban wakiliyar Faransa. Sai da aka maido wurin baya aka sake, aka kuma sakewa, masu son ci gaba da labari suna ta zagi. Wani dattijo mai gadi da ke wucewa ya tsaya yana tambaya wai labaran yau ne?

Malamin Tarihi:
Mai shayi, ai wurin nan ba ku kaɗai ya taɓa ba, ministan tsaron Faransa na lokacin Sébastien Lecornu da kansa ya fito a watan Fabrairu 2023 ya yi tir da shi, ya ce an ɓata sunan sojojinsu. Ku tuna fim ɗin ya fito Nuwamba 2022, wata uku kacal bayan sojojin Faransa na rundunar Barkhane sun gama ficewa daga Mali.

Ni a gida na kalla ni kaɗai da belun kunne bayan na gama gyaran takardun ɗalibai, kuma Namor, sarkin mutanen ƙarƙashin teku, ne ya riƙe ni. Tsohon jarumi ne ƙwarai, Bill Everett ya ƙirƙire shi tun 1939, ya girmi Black Panther nesa ba kusa ba tunda shi sai 1966 Stan Lee da Jack Kirby suka fito da shi a Fantastic Four lamba 52. A littafi sarkin Atlantis ne, a fim suka mayar da mutanensa 'yan ƙabilar Maya na Yukatan waɗanda cutar agana da Sifaniyawa suka kawo ta kora cikin teku a ƙarni na 16. Inda ya dawo binne uwarsa yana yaro ya tarar da mutanensa cikin sarƙa ana dukansu a gona, ni ba Meziko na gani ba, ayarin Voulet da Chanoine na 1899 na tuna, yadda suka ƙone garuruwa suka yi ɓarna a Birnin Konni, aka yi artabu da Sarauniya a Lugu, kuma nan Damagaram suka nufo. Abin da ya ɗan tsaya mini a rai shi ne, ƙasashe biyu da Turawa ke farauta su ne suka ɓuge da kashe juna, masu neman ma'adinin kuma suna gefe ba wanda ya ko ƙwarzane su. Da na yi ma 'yan aji maganar, wata yarinya ta ce malam ai haka aka yi a gaske, na ce ta zauna.

Ɗan Kabu-kabu:
Ku yi haƙuri malamai ni fa ban ji daɗinsa ba. Awa biyu da minti arba'in da ɗaya!! A waya na kalla guntu-guntu ina jiran fasinja bakin kasuwar Dole, duk inda aka shiga ƙarƙashin ruwa baƙi ƙirin nake gani sai fuskata a gilashi. Kuka ya yi yawa faɗa ya yi kaɗan. Ita kuma yarinyar nan Riri rigar ƙarfenta ta ƙarshe kamar abin wasan yara na ranar salla. Na farkon ya fi, ko don Killmonger. M'Baku shugaban ƙabilar Jabari kaɗai ya biya ni, mutum na cin karas yana zazzaga ma dattawa magana.

Ɗan Birni:
Ɗan kabu-kabu abokina, fim ɗin da aka yi don bango guda ka matse shi a tafin hannu cikin ranar Damagaram sannan ka ce duhu? Amma maganar Riri na ba ka gaskiya, cusa ta aka yi don a tallata nata shirin, a BD ma sai 2016 ta fito.

Ga abin da ke sa mu masu karatu muke jin daɗin da wasu ba sa ji. Ambaliyar da Namor ya yi ma babban birnin Wakanda ba sabon abu ba ne, ya yi ta a Avengers vs. X-Men a 2012, daga nan gabarsa da gidan T'Challa ta yi tsanani, saboda haka tun da na ga ruwa ya fara tsattsafowa na san abin da ke tafe, gabana na faɗuwa na kusa da ni ko a jikinsa. Shuɗiyar rigar yaƙin nan da Okoye ke ta kushewa ta Midnight Angels ce, a labaran Ta-Nehisi Coates na 2016 Aneka da Ayo ne suka sa ta suka yi ma sarauta tawaye. Ramonda a littafi ba ita ta haifi T'Challa ba, matar uba ce 'yar Afirka ta Kudu. M'Baku kuma mugu ne na sosai a can, fim ne ya wanke shi. Sannan wanda ya fi ci mini rai, lokacin da Christopher Priest ya ƙirƙiro Dora Milaje, matan nan masu tsaron sarki, a 1998, Hausa suke yi da sarki, shi kaɗai suke ma magana kuma da harshenmu. Fim ya zo ya ɗauki Xhosa na Afirka ta Kudu. Ban ce bai yi daɗi ba, amma ku ƙiyasta Okoye ta daka tsawa da Hausa a bangon garejin su mai shayi, ai da ba buta ɗaya za a zubar ba.

Hajiya Tela, Garin Malam:
Ɗana ni ban san BD ba, ɗinki na sani. Wata amarya ce ta kawo mini hoton Ramonda a waya wai irin wannan wuyan take so a rigar kamu, shi ya sa na ce ma yarona ya nemo mini fim ɗin. Ina kallo ina tsayarwa ina zana a bayan littafin awo, labarin ma rabi na bi. Matar da ta tsara kayan, Ruth Carter, an ce mini ta ci Oscar a na farko ta sake ci a wannan, kuma ta cancanta. Fari kan fari ɗin jana'izar nan ba yadi ɗaya ba ne, akwai saƙa akwai duwatsu akwai aiki mai tudu, sai ka matso kake ganin bambancin, wanda ya taɓa ɗinka farar shadda ya san wuyar sa fari ya yi magana. Akwai kuma ƙabilar 'yan kasuwa a majalisar sarki masu rawani da baƙin shuɗi, ina gani na ce waɗannan ai Buzayenmu ne, yarona ya duba ya ce eh daga shigar Abzinawa aka ɗauko. Wuyan dai na fitar da shi da kwali mai tauri a ciki, amarya ta ce ba ta iya juya kai amma haka take so.

Autan Karkada:
Ni tambaya gare ni yaya Ɗan Birni. Wanda aka tura mini a kile a shagon caji na sinima ne aka ɗauka da waya, kan mutane na gilmawa ana tari, kuma yana kaiwa inda Shuri ke ƙona fararen kayanta bakin teku a Haiti waƙar Rihanna ta taso sai ya yanke. A lakwal naji ana ta maganar wani yaro, wane yaro kuma??

'Yar Zango:
Auta an cuce ka. Bayan sunaye sun fara wucewa Nakia masoyiyar T'Challa ta zo da yaro ɗan shekara shida haka, ɗan T'Challa ne da suka ɓoye a Haiti don kar nauyin sarauta ya danne shi, sunansa Toussaint, sai ya ce ma Shuri sunansa na gida T'Challa ɗan sarki T'Challa. Ƙanwata ƙarama har da tafi.

Malamin Tarihi:
Kuma ba a banza aka zaɓi sunan ba, Toussaint Louverture ne ya jagoranci tawayen bayi a kan Faransa, wanda ya kai Haiti ga 'yanci a 1804, shi kansa a kurkukun Faransa ya mutu a 1803. Auta in kana aji na ka zo ka same ni, in ba ka ciki ma ka zo.

Mai Shayin Sabon Gari:
Auta kawo kilenka fada bayan magariba akwai mai kyau a wurinmu, giga biyu da wani abu ne ka share tarkacen da ke ciki tukuna. Ɗan kabu-kabu kai ma ka zo daren Asabar za mu sake kafa zanen, ka ga ƙarƙashin ruwan da idonka, amma dala ashirin ɗinka a hannu, bashin wancan watan ma ba ka biya ba.