Wa ya taɓa gadin kifin stajin da dare?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na ba da sunana cikin 'yan sa kai da za su yi gadin kifin stajin, wani ƙaton kifi mai tsawon rai, a kogin Black River na jihar Mishigan a Amurka, inda yake haurowa daga tafkin Black Lake don zuba ƙwai daga ƙarshen Afrilu. Wannan ne karona na farko. Duk wanda ya taɓa kwana a bakin ruwa kan wannan aiki, don Allah ya faɗa mini abin da ya gani.

Wani dattijo: Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya yi maka albarka. Ni a kogin Wolf na jihar Wiskonsin na yi, wanda kifin tafkin Winnebago ke bi, mu biyu-biyu, awa 12 a tsaye. Abin da ba zan manta ba shi ne daren da ruwan ya yi ɗumi, ya kai wajen digiri 12. Tun kafin na gan su na ji ƙarar, kamar ana dukan ruwa da faifai. Na haska tocila, sai ga su jingim a kan duwatsun gaɓa, bayansu a waje, maza sun kewaye mace ɗaya suna bugun ta da jela. Wata ta fi ni tsawo. Ba ta da ɓawo irin na sauran kifi, sai layuka biyar na ƙashi a jiki da gashin baki huɗu kamar na tarwaɗa. Ta zo dab da takalmina, ko a jikinta. A nan na gane dalilin gadin: a waɗannan kwanaki kifin ba ya gudun mutum, ko da hannu za a iya kama shi. Ɓarayi kuma ƙwan suke so, saboda tsadarsa.

Wata 'yar'uwa: Baba ya faɗi gaskiya, amma ka shirya wa akasin haka. Ni daren farko ko kifi ɗaya ban gani ba, sai sanyi da ya hana ni jin yatsuna. Ka tafi da safa biyu, da safar hannu, da kujerar zama. Na koma gida raina a ɓace, ina ganin na yi zaman banza. Daga baya wata da ta daɗe a aikin ta zaunar da ni ta yi mini lissafi. Macen stajin sai ta kai shekara 20 zuwa 25 kafin ta fara ƙwai, kuma ba kowace shekara take yi ba, sai bayan shekara huɗu ko fiye. Wanda ya sace mace ɗaya ya tafi da abin da aka yi shekaru ana jira. Tun daga nan ban ƙara raina daren da babu motsi ba.

Wani ɗalibi: Yaya, abu ɗaya zan ja maka kunne a kai. Wata rana da asuba na hangi mutum biyu sun gangara ta ƙasa da inda nake, zuciya ta ɗebe ni na nufe su ni kaɗai. Allah ya kiyaye, masu ɗaukar hoto ne, amma na sha faɗa, kuma na cancanta. Kai ido ne kawai. Ka rubuta lambar mota, ka kira jami'in kula da namun daji.

Dattijon ya ƙara: Haka ne, ɗana. Kuma abin da ke sosa mini rai, a ƙarni na 19 masunta tsanar kifin nan suke yi don yana yaga musu taru. Tara shi ake yi a gaɓa kamar itace, a bushe, a ƙone. Madatsun ruwa kuma suka tare masa hanya. A 2012 an auna wata macen stajin a madatsar Shawano da ke kan kogin Wolf, nauyinta fam 240 (wajen kilo 109), aka ƙiyasta shekarunta kusan 125. Na daɗe ina tunanin yawan damunan da ta hauro kogin nan babu mai gadinta.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Baba, na gode 'yan'uwa. An ba ni daren Juma'a. Tocilar fa, ja ake so ko fara?