Tokar buntun shinkafa a kwaɓin bulo, akwai wanda ya gwada?

MaiBulo_Kura:
Salamu alaikum jama'a. Ina da ɗan gidan bulo a nan wajen Kura, tsadar siminti ta sa ciniki ya ja baya sosai, ga kuma buntun shinkafa tsibi-tsibi a bayan injinan casa, wani ma wuta kawai ake cinna masa, hayaƙi ya ishi unguwa. Wani ɗalibi ya ce min wai ana zuba tokar a kwaɓi a rage siminti. Da gaske ne ko zancen makaranta ne kawai? Kar in je in buga wa mutane bulon da damina ɗaya za ta cinye.

Injiniya_Zazzau:
Wa alaikumus salam malam. Da gaske ne, amma fa ba kowace toka ba. Tokar buntu sama da kashi 80 cikin 100 nata silika ce (sinadarin da ake samu a yashi), shi kuma siminti in ya sha ruwa yana sakin wani sinadari dangin farar ƙasa, toh silikar ce ke kama wannan sinadarin su zama ƙarin abin riƙo. Wajen ƙonawa ake samun matsala, ana so zafin ya tsaya tsakanin digiri 500 zuwa 700 ya ci a hankali, in ya haura 800 silikar ta daskare ta koma kamar yashi ba ta ƙara komai, in kuma tokar ta fito baƙa ƙirin gawayi ne bai gama cinyewa ba, ruwa kawai zai dinga sha miki a kwaɓi. Ka nemi mai fari-fari ko mai launin ruwan toka, a niƙe ta lukwi kamar simintin kansa. Ka fara da maye gurbin kashi 10 cikin 100 na simintin da tokar, kar ka wuce 15. Kuma ka sani buntu kilo 100 tokarsa wajen kilo 20 ce, tsibin nan da kake gani ba shi da auki.

DattijoMagini:
Ni dai tsorona 'yan uwanka masu bulo ne Alhaji. Mutumin da yake fitar da bulo 40 mai inci 9 a buhu ɗaya, ka ce masa ya rage siminti kuma? Sannan bulon toka a hankali yake yin ƙarfi, ban ruwa yake so safe da yamma, ba a buga yau jibi a loda a mota ba. Iyayenmu da makuba suka yi shafe, ɓawon ɗorawa ne fa, su ma shara suka mora amma ba sa gaggawa.

Walda_Hadeja:
Injiniya, farin ƙullin kabait da muke zubarwa bayan walda fa? Na ji ana haɗa shi.

Injiniya_Zazzau:
Eh wannan ai farar ƙasar ce da kanta, shi da tokar buntu suna kama juna ko ba siminti, an fi sa su a jar ƙasa a matse da inji irin bulon nan mai shiga juna da NBRRI (cibiyar binciken gine-gine da hanyoyi ta Najeriya) ke yi wa injina. Sa safar hannu, yana cin fata.

MaiBulo_Kura:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Niƙan ne yanzu damuwata, ko injin niƙan hatsi zai yi?

Injiniya_Zazzau:
A'a don Allah, kar ka kai inda ake niƙa abincin mutane, kuma ƙurar tana illa ga huhu, a ɗaura takunkumi. Ka buga kaɗan tukuna, wasu da toka wasu babu, bayan kwana 28 ka kai sashen injiniyan gini na BUK su matse su a inji ka ga bambancin kafin ka sayar wa kowa.