Neman shawara: da su wa zan fara sauraren ska punk?

Aminu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni mai son reggae ne tun ina yaro, amma kwanan nan na ci karo da wani kiɗa mai gudu, jita na tsalle, kayan busa na amsawa, aka ce mini sunansa ska punk. Ya shiga raina sosai. Don Allah su wa zan fara nema, kuma daga ina kiɗan nan ya taso? Ina jin kamar akwai reggae a cikinsa.

Kawu Sani: Wa alaikumus salam. Kunnenka ya ji daidai ɗana, sai dai ska ne ya girmi reggae. A Kingston ta ƙasar Jamaika ya taso, ƙarshen shekarun 1950. Masu manyan lasifikoki da ke haɗa rawa a unguwanni, irin su Coxsone Dodd da Duke Reid, faya-fayan R&B na Amurka suke sakawa. Da suka koma buga nasu da makaɗan gida, sai kiɗan ya cakuɗa da mento, wato nasu na gargajiya. Abin da ka kira tsalle kuwa, jitar ce ba ta sauka tare da bugu, a tsakanin bugu da bugu take faɗowa. Lokacin da Jamaika ta samu 'yancin kai a 1962 ska ne ke tashe, kuma Bob Marley kansa da shi ya fara. Daga baya aka rage masa gudu ya zama rocksteady wajen 1966, sannan reggae. Ka nemi The Skatalites da Prince Buster tukuna.

Hadiza: Kawu ya kafa tushe, amma punk ɗin, wato kiɗan jita mai gudu da hayaniya, a Ingila ya shigo. 'Yan Jamaika da suka yi ƙaura can sun tafi da kiɗansu, 'ya'yansu suka tashi unguwa ɗaya da yaran Turawa talakawa. A 1979 Jerry Dammers na The Specials ya kafa kamfanin faifai na 2 Tone, su kuwa 'yan Coventry ne. Baƙar fata da farar fata a ƙungiya ɗaya, a lokacin da masu ƙyamar baƙi ke tada hankali a titi, shi ya sa adonsu baƙi da fari ne. Wannan zangon na fi so, don waƙoƙinsu suna da abin faɗa: rashin aikin yi, wariyar launin fata. Dammers ne ma ya rubuta waƙar neman a saki Nelson Mandela a 1984. Ka haɗa da The Selecter da The Beat.

Bashir: Anti Hadiza, a nan na saɓa da ke kaɗan. 2 Tone ya ɗauki zafin punk, gaskiya ne, amma abin da Aminu ya ji na Amurka ne. Operation Ivy na Kalifoniya, daga 1987 zuwa 1989 kawai suka yi, cikakken kundinsu ɗaya, Energy, amma kusan duk wanda ya biyo baya a wurinsu ya sha. Babu tarin kayan busa, jita ce da maƙogwaro. Biyu daga cikinsu suka kafa Rancid. In kuwa busar ce ta kama ka, The Mighty Mighty Bosstones na Boston, Less Than Jake na Florida, sai Streetlight Manifesto, waɗanda ni a wurina babu kamarsu wajen tsara busa.

Hadiza: Na yarda, amma kada a tsallake Fishbone na Los Angeles. Baƙar fata ne, sun riga Operation Ivy, kuma ba a cika ba su haƙƙinsu ba.

Aminu: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Akwai waɗanda ke yi har yanzu? Kuma zan iya kunnawa gaban ƙannena?

Bashir: The Interrupters na nan suna yi, mace ce ke jan waƙa. Akwai Ska-P na Madrid, da harshen Sifaniyanci suke yi, siyasa zalla. Batun ƙanne kuwa ka yi hattara, wasu irin su Reel Big Fish akwai ashar a bakinsu, ka karanta baitocin kafin ka ƙure murya. A gida ka kunna Skatalites ɗin da Kawu ya ce, yawancin nasu busa ce kawai ba waƙa.