Zagayen Exmouth da Karijini da yara uku: ku ba mu shawara

Baban Ummi: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shekara huɗu ke nan muna Perth, amma in ban da Mandurah da Rottnest babu inda muka taɓa leƙawa a Ostireliya. Hutun makaranta na watan Yuli muna so mu ɗauki tanti mu bi gaɓar teku zuwa Exmouth, daga nan mu shiga daji zuwa gandun Karijini, mu dawo ta Newman. Mako biyu gare mu. Yara uku ne, 11 da 7 da ƙaramar mai shekara 3. Motar Kluger ce. Waɗanda suka taɓa yi don Allah ku faɗa mana gaskiya, zai yiwu ko kuwa mun ɗebo da zafi?

Malam Habu Pilbara: Wa alaikumus salam. Baban Ummi, kafin komai ka ɗauki biro ka yi lissafi. Perth zuwa Exmouth kusan kilomita 1,250 ne, wato ya fi Legas zuwa Kano. Exmouth zuwa Tom Price, garin da ke bakin Karijini, wajen 600. Daga Newman zuwa gida kusan 1,200. In ka haɗa da ratse-ratsen da za ka yi zuwa Kalbarri da Shark Bay kana neman 4,000. A kwana goma sha huɗu, da 'yar shekara uku ɗaure a kujera. Ni aikina a can arewa yake, na san hanyar nan kamar tafin hannuna, kuma da kai ƙanena ne sai in ce ka zaɓi ɗaya: ko teku ko daji.

Ɗan Damagaram: Haba Malam, kada ku karya masa gwiwa. Mu mun yi shi a kwana tara bara.

Malam Habu Pilbara: Ku samari huɗu kuna karɓa-karɓar sitiyari, kuna kwana a mota kuna cin indomi. Ba irin tafiyarku ake magana ba, ɗana.

Ɗan Damagaram: To na yi shiru. Amma fa Karijini ita ce tafiyar. Teku ai akwai shi a Perth.

Hajiya Rabi Nas: Ni na yi zagayen nan da maigida da yara biyu, amma mako uku muka ɗauka. Abin da zan fara tambaya shi ne, kun kama wurin kwana? Don sansanonin da ke cikin gandun Cape Range, can bayan Exmouth inda tanti yake kallon ruwa, ana buɗe su a intanet kimanin wata shida kafin ranar, kuma na lokacin hutun Yuli kafin ka gama shan shayi an kwashe. In ba ku kama ba, sai dai ku riƙa leƙawa ko wani ya fasa, ko ku nemi sansanin kuɗi a cikin gari. Ku sani kuma a Cape Range babu famfo, babu lantarki, masai na rami ne kawai. Ruwan sha da na girki da na alwala duk a jarka za ku shigo da shi daga Exmouth.

Yulin kuwa kun zaɓa daidai. Lokacin Perth na fama da ruwan sama da sanyi, can arewa rana ce mai daɗi. Daga Nuwamba zuwa Afrilu zafi ne da guguwa. Kun dai tuna yadda guguwar Seroja ta yi wa Kalbarri a Afrilun 2021.

Baban Ummi: Hajiya, mun samu kwana uku a sansanin kuɗi na Coral Bay, ƙaramin garin bakin teku kafin a kai Exmouth, Cape Range kam ya wuce mu.

Hajiya Rabi Nas: Alhamdu lillahi, gobarar Titi ce wannan. Ga mai ƙananan yara Coral Bay ta fi. Ruwan bakin garin kwance yake, bai da zurfi, yaro zai tsaya iya gwiwa yana ganin kifi na zagaya ƙafarsa, murjanin Ningaloo kuma daga bakin yashi yake farawa, ba sai an shiga jirgi ba. Turquoise Bay ta Cape Range da kowa ke ɗora hotonta tana da kyau ƙwarai, amma akwai ɓangaren da ruwa ke ja da ƙarfi zuwa waje. In kun je ku karanta allon gargaɗi, kada wanda bai iya ruwa ba ya wuce ƙugu. Mu da yawanmu a kududdufi muka koyi iyo, in ma mun koya. A saya wa yara takalman ruwa saboda kifin nan mai dafi da ke kwanciya kamar dutse.

Malam Habu Pilbara: Tunda ka nace sai ka yi duka, ga sharaɗina guda ɗaya, sauran duk ƙari ne. Kada rana ta faɗi kana kan hanya, kada kuma ka tashi kafin gari ya waye tangaran. Da magariba kangaru ke fitowa bakin kwalta, ga jiminar ƙasar nan, ga awaki, ga shanu a inda babu shinge. Na taɓa bankar kangaru da asuba tsakanin Meekatharra da Newman, lagireto ya fashe, na zauna awa biyar kafin a zo a ja ni. Ni kaɗai ne a motar ranar. Ka ƙaddara da yara ne. Saboda haka ƙarfe huɗu na yamma ta same ka kana kafa tanti.

Sai tirelolin nan masu jan bodi uku ko huɗu, tsawon wasu ya haura mita 50. A hanyar dawowa ta Newman su ne masu hanya. Kada ka ce za ka wuce su sai ka hango gaba fetal babu komai, ko ka jira inda aka ƙara layi don wucewa. In kuma sun taho daga gaba ka riƙe sitiyari da hannu biyu, iskarsu na girgiza mota.

Mai: duk zangon da ka gani ka cika tanki ko da rabi ne a ciki. Overlander, Minilya, Nanutarra, ka haddace sunayensu kamar karatun allo. Kuɗin lita a daji ya fi na gari nesa ba kusa ba, ka biya kawai.

Anti Saude: Ku maza duk maganar mota kuke yi, ba wanda ya tambayi abin da za a ci. Maman Ummi, in kina karantawa: naman halal ki saye shi tun a Perth, wajen Mirrabooka akwai mahauta da yawa. Ki yi miyar kwana huɗu ko biyar ki daskarar a robobi, ita ce za ta zama ƙanƙarar kularki a kwanakin farko. Ki yi dambun nama mai yawa ki soya shi ya bushe sosai, ba ya buƙatar firij. Garin kwaki da ƙuli da sukari ya cece mu ranar da iska ta hana risho kamawa. Tuwo kuwa ki manta da shi, wankin tukunyarsa kaɗai zai cinye jarka guda.

A Carnarvon ki tsaya ki yi cefane. Gari ne na gonaki a bakin kogin Gascoyne, ayabarsu ƙanana ce mai zaƙi, ga tumatir da tattasai. Daga nan gaba komai tsada yake ƙarawa.

Kuma kada ku sa rai da gasa nama a wutar itace irin na fim. Cape Range da Karijini duka an hana hura wuta, sai murhun gas.

Maman Ummi: Anti Saude Allah ya saka da alheri, ina nan ina rubutawa. Ni damuwata macizai da ƙudajen da ake faɗa.

Hajiya Rabi Nas: Ƙuda ya yi sauƙi da sanyi, amma ki sayi ragar fuska, ba ta da tsada. Maciji ma lokacin sanyi ba ya yawan yawo. Duk da haka ku tafi da bandeji mai faɗi mai talewa guda biyu ko uku. In, Allah ya kiyaye, ya sari wani, ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a wanke wurin, ba a ɗaure da igiya irin yadda muka saba gani a gida. A naɗe dukan ƙafar ko hannun da bandeji tamau, a hana mutum motsi, a kira 000. A can nesa jirgin likitocin Royal Flying Doctor ne ke ɗauko marasa lafiya, tun 1928 suke wannan aikin.

Malam Habu Pilbara: Kiran 000 ɗin ma sai da sabis. Layin Telstra ya fi kamawa a arewa, shi ma yana ɗaukewa tsakanin garuruwa. Ina da na'urar neman agaji da ke aika sigina ta tauraron ɗan'adam, zo ka ara. In mota ta mutu kada kowa ya bar ta ya ce zai taka neman taimako. Mota ake hangowa daga sama, ba mutum ba. Ruwa kuma ni lita biyar nake lissafa wa kowane kai a rana, ban da jarkar ajiya da ba a taɓawa.

Ɗan Damagaram: A ba ni dama in kare Karijinina. Baban Ummi, ɓangaren Dales kwalta ce har sansanin, ba ka buƙatar fowil. Za ka ga fili ja kamar hanyar Tanout, ba ka tsammanin komai, sai kawai ƙasa ta tsage a gabanka, kwazazzabo mai zurfi, dutse ja jere-jere kamar an shirya littattafai, can ƙasa ruwa kore. Akwai matakala zuwa Fortescue Falls, daga nan ɗan taki kaɗan sai Fern Pool. Wannan tafkin wuri ne mai alfarma ga 'yan asalin yankin, Banjima da maƙwabtansu, ana so a shiga ruwan a natse ba ihu ba tsalle. Ruwan kuwa sanyi kamar na randa a watan Janairu. Kwazazzaban Hancock da Weano ku bar wa manya, hawa ne da rarrafe.

Hajiya Rabi Nas: Bai faɗa muku daren ba. A Yuli sanyin Karijini na kusan kai wa sifili. Jakar barci mai kauri, hula, safa, bargo a ƙarƙashi ba a sama kaɗai ba. Akwai kuma karen dajin nan dingo a sansanin Dales. Kada a bar abinci ko shara a waje, ƙaramar kuma kada ta yi nisan hannu da ku ko da rana.

Malam Habu Pilbara: In taswirar waya ta nuna maka Wittenoom a arewacin gandun Karijini, kada ka bi. Tsohon garin haƙar asbestos ne, an rufe ma'adinin tun 1966, ƙurarsa har yau tana kisa, gwamnati ta share garin daga taswirarta.

Alhaji Kumasi: Salamu alaikum, na makara. 'Ya'yana, abu ɗaya zan ƙara. Mu da muka tashi muna cewa "fuskanci gabas", a nan alƙibla yamma ce ta ɗan karkata arewa. A daji manhajar waya kan rikice, to ka dubi inda rana ke faɗuwa. Tafiyarku ta kai ta ƙasaru, ku yi amfani da sauƙin da Allah ya ba ku. Geraldton akwai masallaci, in kun daidaita tafiyar Juma'a ta same ku a can. Hanyar da za ku dawo ta Meekatharra da Cue kuwa, Musulmi masu raƙuma da ake kira Afgan sun yi fatauci a kanta zamanin haƙar zinariya, su ne ma suka fara gina masallacin Perth a 1905. Ku gaya wa yaran, su san ba su ne farkon masu yin salla a wannan jejin ba.

Baban Ummi: Allah ya ƙara girma, Alhaji. Mun zauna da uwargida jiya da dare mun sake zana tafiyar. Mun cire Shark Bay, duk da Ummi ta yi kukan dolfin ɗin Monkey Mia, don ratsen ya kai kilomita 130 zuwa Denham kaɗai, ga dawowa. Kalbarri kwana biyu, Carnarvon ɗaya, Coral Bay uku, Exmouth yini guda mu dawo, kwana ɗaya a hanya, Dales uku, sai mu raba dawowa gida uku. Malam Habu, zan zo ranar Asabar karɓar na'urar.

Malam Habu Pilbara: Ka zo bayan la'asar. Ka taho da motar in duba safayarka, in ba ta cika girma ba sai ka canza kafin tafiya.

Maman Ummi: Anti Saude, dambun kilo nawa kika yi wa mutum biyar?

Anti Saude: Na yi uku, bai kai Exmouth ba. Ki yi biyar, ki ɓoye rabi inda Baban Ummi bai sani ba.