Kalmar antimicrobial da Hausa: kashewa ko daƙilewa?

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa masu aikin fassara. Kwana uku ke nan kalma ɗaya ta tsaya mini a wuya a cikin wani rubutu da nake mayarwa Hausa, wanda ya shafi gwajin sababbin sinadarai a kan bakteriyar da ke kama mafitsarar kyanwa. Kalmar ita ce antimicrobial. Abin da kunnenmu ya saba da shi a rediyo shi ne "maganin kashe ƙwayoyin cuta", da shi kuma na fara, amma da na bi aikin ɗakin gwajin daki-daki sai na ga kalmomi biyu a cikinsa ba su zauna daidai ba, wato "kashe" da "magani".

Ga yadda aikin yake. Likitan dabbobi yakan soka allura ta fatar cikin kyanwa har zuwa mafitsara ya zuƙo fitsarin, domin kada ya gauraya da dattin waje. Sai a shafa shi a kan faranti mai ɗauke da abincin bakteriya, wanda yake a daskare kamar kunun da ya kwana. Nau'in bakteriyar da ya fi tsirowa shi ne E. coli, sai su Enterococcus da Staphylococcus felis. Daga nan a baza bakteriyar a sabon faranti, a ɗora 'yan ƙananan takardu masu faɗin milimita 6 waɗanda aka jiƙa da sinadarin da ake gwadawa, a bar su cikin ɗumi na digiri 35 tsawon awa 16 zuwa 18. Da safe za a ga farantin ya yi duhu da bakteriya, sai dai wani fili mai tsabta da ya kewaye takardar, shi ake aunawa da ma'auni. Masu bincike Kirby da Bauer da abokan aikinsu ne suka daidaita wannan hanya a Amurka a 1966.

To, wannan filin ba ya nuna cewa bakteriyar ta mutu. Abin da yake nunawa kawai shi ne ba ta hayayyafa a wurin ba. Amoxicillin yana rusa bangon jikinta ta mutu. Shi kuwa tetracycline, wanda a kemis muke kira ja da yalo, hana ta yaɗuwa yake yi, ya bar wa garkuwar jiki sauran aikin. Idan muka ce "kashe", mun faɗi abin da ba haka yake ba game da rukuni guda na waɗannan magunguna. Ga kuma wata matsalar: da wannan suna na "maganin kashe ƙwayoyin cuta" ne muke kiran Dettol da ruwan goge daɓen asibiti.

Wani malamina ya ba ni shawarar "makari". Kalma ce gajera mai daɗin faɗa, na kuma so ta ƙwarai, amma Bahaushe ya san makari da karya dafi ko sammu nan take, alhali wannan abu kwanaki ake yi ana ba da shi, wani lokaci ma bakteriyar ta bijire masa. "Rigakafi" kuwa tuni allurar yara ta riƙe shi. Na tsaya a kan "daƙile", domin wanda aka daƙile an tare masa hanya ne, ko ya mutu ko bai mutu ba.

Batun "magani" ya fi damuna. Abin da ya yi aiki a faranti bai zama magani ba tukuna, musamman ga kyanwa, wadda hantarta ba ta iya sarrafa wasu sinadaran da ta mutum ko ta kare ke sarrafawa. Ƙwayar paracetamol ɗaya tana iya halaka ta, enrofloxacin kuma, wanda ake ba dabbobi don yaƙar bakteriya, idan ya yi yawa yana makantar da ita. Mai kyanwa da ya karanta "an gano sabon magani" zai tafi nemansa, saboda haka ina ganin a kira shi "sinadari" har sai ya tsallake gwaji a jikin dabba an amince da shi.

Haka kuma kada mu cakuɗa antimicrobial da antibiotic, wanda bakteriya kaɗai yake yaƙa. Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta ta canza sunan makonta na wayar da kai, na 18 zuwa 24 ga Nuwamba, daga antibiotic zuwa antimicrobial a 2020, domin ya haɗa da bairas da fangas da sauran ƙwayoyin cuta. Shi antibiotic sai mu ce masa "maganin bakteriya".

Jimlar tawa yanzu ta koma haka: "An gwada sababbin sinadaran daƙile ƙwayoyin cuta a kan bakteriyar da ke kama mafitsarar kyanwa." 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram, ku da kuke fassarowa daga Faransanci, shin "daƙile" tana shiga kunnen mai sauraro a wajenku kamar yadda take shiga a Kano?