Aji 11 a Amurka: yaya kuka yi da shirin shiga jami'a?

Maman Rukayya (Bronx): Assalamu alaikum 'yan uwa. 'Yata ta fari ta shiga aji 11, wato ajin da ke gab da na ƙarshe a sakandaren Amurka, a Satumban nan, kullum da sabuwar maganar da take dawowa da ita: yau PSAT (jarrabawar gwaji kafin SAT, ta neman shiga jami'a), gobe darussan AP (darussan matakin jami'a da ake yi tun a sakandare), jibi a je a ga wata jami'a. Ni a Kano na yi sakandare, abin da na sani shi ne mutum ya dage a ajin ƙarshe, ya rubuta WAEC da JAMB, ya zauna jiran sakamako. Na ce mata ai da sauran shekara guda, ta ce wai ban gane ba. Waɗanda suka riga mu, don Allah ku ba mu labari.

Baban Sadiq (Houston): Wa alaikumus salam. Hajiya, yarinyar ce da gaskiya. Ni ma lissafin JAMB ɗin nan ne ya ci ni a kan ɗana na fari. Ranar 1 ga Agusta ake buɗe Common App, wato fom guda da ake neman shiga jami'o'i da dama da shi, masu neman gurbi da wuri kuma yawancinsu 1 ga Nuwamba suke miƙa takardu. Ke nan sakamakon aji 11 shi ne cikakken sakamako na ƙarshe da jami'a za ta gani. Sadiq ya yi sakaci da lissafi, muna ta cewa baɗi zai gyara. Ya gyara kuwa, amma bayan takardu sun tafi. A Texas abin ya fi ciwo, domin doka ta ba wanda ya fito cikin kashi 10 na saman ajinsa gurbi kai tsaye a jami'o'in gwamnatin jiha, in ban da ta Austin da ta ƙara matse nata kason. Saura ƙiris ya samu, ya kuɓuce masa, har yau in na tuna sai na ji ba daɗi.

Zainabu A.: Mama, ni ina shekara ta biyu a jami'a, bari in faɗi abin da babu wanda ya gaya mini da wuri. A fom ɗin akwai gurbi 10 na ayyukan da ɗalibi yake yi bayan karatu. Da na ga abokaina suna cike nasu da wasan ninƙaya da ƙungiyar muhawara, sai na zauna na yi kuka, don ni da an tashi makaranta gida nake wucewa. Ni ke ɗauko ƙannena uku, in ɗora tukunya kafin Umma ta dawo daga aiki, Asabar da Lahadi in koyar da yara ƙanana a Islamiyya, in Kaka za ta ga likita ni ce tafinta. A wajena wannan ba aiki ba ne, zaman gida ne kawai. Malamar Turancinmu ce ta tambaye ni yadda nake cinye yammacina, da na lissafa mata sai ta ce duk in rubuta, har da yawan sa'o'in kowane mako, domin ɗawainiyar iyali tana da nata gurbin a fom ɗin. Rubutun da ake nema a kan rayuwar ɗalibi, wanda ba ya wuce kalma 650, a kan tafintar Kaka na yi shi: ranar da likita ya faɗi sunan cutar, na rasa yadda zan ce da Hausa, kuma na rasa ko ina so ma in faɗa.

Sai kuma takardar shaida. Malaman aji 11 ake roƙo su rubuta, gara a roƙe su tun kafin hutun bazara. Mu da aka rene mu a kan kada yaro ya kalli idon babba, mukan wuce shekara malami bai san muryarmu ba. A gida kunya ce, shi kuwa yana ganin yaro bai damu da darasin ba. Ki ce wa Rukayya ta riƙa ɗaga hannu.

Malam Habu (Greensboro): Ƙarin bayani kaɗan: ku dubi kalanda kafin ku yi rajistar SAT. Ta Maris 2025 cikin azumi ta faɗo, yarona ya yi tarawih, ya tashi sahur, ya shiga ɗakin jarrabawa yana gyangyaɗi. Da ya sake a watan Yuni makinsa ya tashi sosai. Kada kuma ku dogara da cewa jami'o'i sun daina neman jarrabawar: jami'ar MIT ta dawo da ita tun 2022, Harvard da Yale da Dartmouth suka biyo baya a 2024.

Alhaji Zongo (Bronx): Ni tasi nake tuƙawa, don haka maganar kuɗi zan yi. Fom ɗin tallafin gwamnatin tarayya, FAFSA, a aji 12 ake cikawa, amma harajin shekara biyu baya yake dubawa. Wato shekarar da yarinyarki ta fara aji 11 a cikinta, ita za a duba. Ni na yi wasa da takardun harajina a lokacin, sai da na sha zirga-zirga wajen mai lissafi kafin abu ya daidaita. Na biyu, kada kuɗin da aka rubuta a shafin jami'a ya tsorata ku. Kowace jami'a tana da wurin da za ka sa abin da kake samu ta ƙiyasta maka abin da za ka biya. Na sa nawa, sai ga wata jami'a mai zaman kanta da na ɗauka ta 'ya'yan masu hannu da shuni ce ta fi mini arha a kan ta jiha. Tallafin Pell na gwamnatin tarayya kyauta ne, ba a biya, ya kai dala 7,395 a shekara. Bashi kuwa da ruwa yake zuwa, kowa ya san hukuncin wannan a wajenmu, ku zauna da malami tun yanzu. Kuma ki tambayi mai ba ɗalibai shawara a makarantarsu batun yafe kuɗin SAT. Tamu ba ta taɓa ambata mana ba sai da muka biya sau biyu.

Maman Rukayya: Allah ya saka da alheri. To ga wani abu da ban faɗa ba: mahaifinta ya ce ba za ta kwana a makaranta ba, CUNY, jami'ar birnin New York, na nan, ta hau jirgin ƙasa ta dawo gida. Ita kuma ban gaya mata ba tukuna.

Hajiya Balaraba (Maryland): Haba Maman Rukayya, wannan ai shi ya kamata ki fara faɗa. Gidanmu haka aka yi. Muka yi shiru don kada a tayar da hankali, yarinya ta miƙa takarda ta hanyar Early Decision, wanda alkawari ne: in sun ɗauke ka, sai ka je. Ni na sa hannu ban karanta ba. Ranar da aka ɗauke ta, maimakon guɗa sai gida ya yi tsit har mako biyu. Da ƙyar yayan mahaifinta ya shawo kansa, bayan mun je mun ga ɗakin kwanan mata zalla, mun ci abincin halal a wurin, mun yi Juma'a tare da ƙungiyar ɗalibai Musulmi. Da a aji 11 muka yi wannan tafiyar, da ba a kai ga haka ba. Kuma CUNY ba abin rainawa ba ce, Hunter da Baruch da City College da ke ƙarƙashinta duk makarantu ne na gaske. Amma ta ji daga bakinku yanzu, kafin ta ƙwallafa ranta a wani wuri.

Maman Rukayya: Na ji, Hajiya. Yana aikin dare a makon nan, ranar Lahadi zan zaunar da su duka biyun. Zainabu, 'yata, ko za ki yarda ki yi magana da ita ta waya kafin ranar? Ta fi jin maganar irinku.

Zainabu A.: To Mama, in sha Allah. Bayan Magariba ranar Juma'a ba ni da darasi.