Shin feshin amino asid a ganye yana ƙara wa tumatir da tattasai amfani?

Manomin Kadawa:
Assalamu alaikum. Ina noman rani na tumatir da tattasai, kuma masu shagunan magani sun matsa mini in sayi ruwan amino asid da ake fesawa a ganye, suna cewa yana hana zubar fure idan zafin bazara ya shigo. Ina son masu sani su faɗa mini ko zan iya rage takin zamani idan na fara amfani da shi.

Malamin Gona:
Wa alaikumus salam. Alhaji, kada ka rage takinka saboda wannan ruwa. Yuriya tana ɗauke da naitirojin kashi 46 cikin 100, alhali abin da 'yan cokulan amino asid za su ba shuka bai taka kara ya karya ba. Aikinsa daban ne. Amino asid su ne tubalan da shuka ke gina furotin da su, kuma tana haɗa nata daga takin da saiwa ta sha, sai dai haɗin yana cin ƙarfinta, shi ya sa idan ta wahala da dashe ko ƙishi ko zafi, wanda aka fesa mata yakan taimaka ta farfaɗo da wuri. A cikin ire-iren amino asid, wanda ake kira furolin yana taimaka wa ganye riƙe ruwa, wanda ake kira gilaisin kuwa yana kama sinadarai irin su zinki da ƙarfe domin ganye ya sha su cikin sauƙi. A ganina lokutan da ya fi cancanta su ne bayan dashe da kuma gab da fitar fure. Gonar da take samun ruwa da taki yadda ya kamata ba lallai ta nuna wani bambanci mai yawa ba.

Mai Lambun Jibiya:
Ina ƙara wa bayanin Malam cewa a yi feshin da sassafe ko da yamma, a kuma jiƙa bayan ganyen, domin a nan ƙofofin numfashinsa suka fi yawa. A bi ma'aunin da ke jikin kwalba, kuma kada a gauraya shi da maganin da ke da jan ƙarfe ko farar wuta, saboda haɗin yana iya ƙone ganye.

Hajiya Mai Latas:
Alhaji, ka duba abin da aka yi ruwan amino asid ɗin da shi, domin wani daga waken suya ne, wani daga kifi, wani kuma daga ragowar fata da gashin dabbobi, kuma na dabbobin ya fi saurin cutar da ganye idan aka wuce ƙima. Tun da latas ɗanye ake ci, ni na tsirrai nake nema. Ka ware kunya biyu ko uku da ba za ka fesa ba, ka kwatanta su da sauran lokacin tsinka kafin ka sayi na gona duka.